Lamba ta Biyu

Ni ba tsohuwa ba ce, ko furfura ɗaya ban yi ba, kuma na san akwai masu cewa wadda ba ta kai arba'in ba ba ta da abin tunawa. Su yi ta faɗa. A garin nan namu na Haɗejiya abu yana tsufa ya bar mai shi da ƙuruciyarsa. Wurin da na tashi ina jin ƙarar guduma yau shago ne mai tayil da ƙofar gilas, an kafa allo an rubuta ana duba mota da kwamfuta. Darbejiyar da muke fakewa a ƙarƙashinta an sare ta don kada ta tare allon. Duk ranar da zan je kasuwa sayen zare sai in tsallaka ɗaya gefen titin, in na wuce in sake tsallakowa. Maƙwabciyata ta ce wannan wahalar da kai ne. Na ce mata ƙafata ce, ba tata ba.

Garejin babana ne a wurin. Ba wani gareji ba ne na a zo a gani: rumfar kwano, benci biyu, randar ruwa, da ƙasa da ta sha baƙin mai har ta daina tsirar da ciyawa ko da damina. Amma yana da sauti. Da safe ƙarar sifana a kan siminti, da tarin motar da aka kwana biyu ba a tayar ba, da rediyon mai faci da ke gefe. Da hantsi sai direbobin ƙauye su cika bencin, waɗanda suka kawo shinkafa da masu jiran lodin kifi, ana musu a kan wace hanya ruwa ya cinye da wadda ta rage. Babana ba ya shiga musun. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, kowa ya yi shiru kamar an tayar da salla. In ya ɗago ya ce abu kaza ne, to abu kaza ne. Ban taɓa ganin an kwance inji an tarar da saɓanin abin da ya faɗa ba. Yau kuwa ka shiga shagon nan ba abin da za ka ji sai fanka da wayar mai shago. Motar ma ba a sauraronta. Ana soka mata igiya ne kamar mara lafiyar da likita bai kalli fuskarsa ba.

Da motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa, 'yan Kwatano, kanikawa da yawa a garin nan sun tsorata. Ba kafireta balle ka hura ka mayar. Sai wata fitila mai hoton inji ta kama a gaban direba, mota ta riƙa shaƙewa, ba wanda ya san me take nufi. Wasu cire ƙwan fitilar suke yi, su ce wa mai mota an gyara. Babana ya tafi Kano ya zauna wurin wani abokinsa har ya koyo yadda ake tambayarsu, ya dawo da ilmin a kansa, don shi boko bai wuce ya rubuta sunansa ba.

Abin da yake fara yi shi ne gane irin motar. Yakan ce min, “Kafin ki tambayi mota me ke damunta, ki san wane yare take ji.” Sai ya durƙusa ya lalubi ƙarƙashin sitiyari. In ya ji soket mai faɗi mai ramuka goma sha shida, to wannan sabuwar haihuwa ce, ba ta magana sai da na'ura, kuma ba ya ɓoyewa, yakan ce wa mai ita kunnensa kawai zai iya ba shi. In babu, sai ya buɗe bonet ya nemi wani ɗan baƙin akwati mai murfi a gefen inji. Wasu kuma sai an ɗaga shimfiɗar ƙafar fasinja, a can ƙwaƙwalwar take da 'yar jar fitilarta. Masu akwati a bonet su suka fi yawa a wajenmu, kuma su ya fi ƙauna. Yana da wata guntuwar waya da ya fere bakinta biyu, kullum tana cikin aljihun gaban rigarsa tare da asuwaki. Sai ya haɗa ramuka biyu da ita, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, fitilar nan ta gaban direba ta fara ƙifta ido. Ta ƙifta sau biyu, ta ɗan tsaya, ta ƙifta sau biyu: ashirin da biyu ke nan. Kowace lamba da ciwonta. In akwai wani ciwon, sai ta yi shiru mai ɗan tsawo ta faɗi lamba ta biyu. In ta gama duka, ta yi dogon shiru ta koma farko. Doka ɗaya ce a aikin, kuma ya faɗa min ita ya fi sau ɗari: “Ba a tashi sai ta maimaita kanta.”

Yadda na shiga aikin ba wani abin alfahari ba ne. Ni nake kai masa abincin rana in na taso daga makaranta, ina 'yar aji uku a sakandare. Fitilar ba ta ganuwa sosai da rana, don haka yana da wani tsohon zanen Inna da yake lulluɓa a kansa da gaban motar. Wata rana ba kowa a rumfar ya ce in shiga in murɗa masa makulli, ya zura kai cikin zanen kusa da nawa. Da fitilar ta gama ya ce, “Uku da ɗaya.” Na ce, “Huɗu da ɗaya, Baba.” Ni dama ba na iya riƙe magana. Ya ce mu sake. Muka sake, huɗu da ɗaya. Ya daɗe a cikin zanen, ina jin warin baƙin mai da na goro a numfashinsa. Sannan ya ce, “Kada ki faɗa wa Innarki.”

Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. A hannu da kunne ba abin da ya ragu, amma ɗan hasken nan ya fi ƙarfinsa. Daga ranar muka tsara abinmu. In aka kawo mai fitila sai ya ja mai motar da hira har in iso. Ya ce, “'Yar nan, zo ki riƙe min makulli.” In shiga in zauna, ya sa wayarsa, ya zagayo ya lulluɓe mu da zane, ni in ƙirga in raɗa masa, shi ya fito ya faɗa wa jama'a ciwon. Kowa ya ɗauka makulli kawai nake riƙewa. Da yamma a gida yana faɗa min lambobin ina rubutawa a bayan littafina na lissafi, lamba kaza a irin mota kaza ciwo kaza, har littafin ya cika, lissafin makaranta ya koma 'yan shafuka a gaba. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin lokacin. A aji ni ce mai surutu da ake kora waje. A cikin zanen nan ni ce idon mutumin da duk garin ke jira ya yi magana.

Akwai wani aminin babana, dillalin kifi, tare suka yi wasan ƙasa. Mu Baba Alhaji muke ce masa. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara da yake shiga da ita can wajen Baturiya ya sayo kifi ɗanye a hannun masunta ya kawo wa masu banda da masu kai wa Kano. Tun da ya saye ta ba hannun da ya taɓa injinta sai na babana. Mutum ne mai baki, in ya yabi abu a kasuwar kifi da safe, kafin la'asar an ji a tasha. Rabin masu zuwa garejinmu shi ya turo su.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya zo da yawa. Ƙarshen damina ne, maza suna ta cika buhuna da ƙasa ana ƙara wa jingar da ke tare ruwa tsawo, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa ya bazu cikin gonakin shinkafa, kwalekwale yana bi ta inda jiya amalanke ke bi. Baba Alhaji ya ratsa wani ruwa da motarsa, tun daga nan fitila ta kama, mota tana tafiya tana shaƙewa. Ya kawo ta da azahar, yana sauri, don yana so ya kwana a bakin ruwa ya yi lodi da asuba. Na iso da kwanon abinci na tarar yana zagaya rumfar.

“Injiniya, ga sakatariyarka ta iso, sai a fara aiki,” in ji shi. Haka yake kiran babana in yana tsokana. “Ke 'yata, wai nawa yake biyanki kuɗin riƙe makullin nan? In ba ya biya ki dawo wajena ki riƙa riƙe min sikeli.”

“Warin kifi zai hana ta miji,” in ji babana.

“Baƙin mai fa? Turare ne?”

Na gaishe shi na shiga motar. Ban ko zauna daidai ba na hango 'yan ajinmu su uku a bakin titi. Mun yi da su za mu je gada mu ga ruwa, don an ce ya kusa taɓa ƙarfen. Ban so su biyo ta gareji ba, na ce su jira ni a gida, suka ƙi. Ɗayarsu, mai bakin tsiya, ta ɗaga murya ta ce, “Bakaniza, mu jira ne ko sai kin sauke inji?” Sauran suka kwashe da dariya, direbobin kan benci suka taya su. Babana ya sa wayarsa ya zagayo ya yafa mana zanen. Baba Alhaji bai koma benci ba kamar yadda sauran mutane ke yi. Ya jingina da ƙofar motar, kafaɗarsa tana gogar ta babana, yana ci gaba da ba da labarin ruwan da ya ratsa.

Na murɗa makulli. Fitila ta ƙifta biyu, ta tsaya, ta ƙifta biyu. Ta yi shiru. Zafi ya ishe ni, zanen yana warin gumi, ina jin dariyarsu a waje. Na raɗa masa, “Ashirin da biyu.” Na kashe makulli, na zame ta ɗaya ƙofar na fita ina gyara hijabi. Ban jira ta maimaita kanta ba. Ban ma jira shirun ya ƙare ba.

Na waiwaya sau ɗaya. Babana yana nan a cikin zanen shi kaɗai, ya ɗan jima, sannan ya fito ya ce wa amininsa abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin ruwan inji ne ya lalace. Gaskiya ne kuma, ya lalace. Daga baya na ji ya canza shi, ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu, mota ta tashi lafiya. Ni ina can kan gada ina cin gyaɗa ina kallon ruwa yana wucewa da kan bukkar wani.

Washegari ba makaranta, ina garejin tun hantsi. Bayan la'asar muka fara jin wari. Ba warin kasuwar kifi ba da muka saba, wani ne mai tayar da zuciya. Sai ga tarakta tana jan farar a-kori-kura, ƙudaje sun bi ta kamar hayaƙi. Motar ta mutu ne a tsakiyar fadama da safe, cike da tarwaɗa da karfasa, inda ba inuwa ba mota mai wucewa, kifin ya wuni a rana. Babana bai ga komai ba, amma ya san ƙarar ƙafar motar nan ko ana janta. Ya miƙe, ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, ya tako har bakin titi. Taraktar ba ta rage gudu ba. Baba Alhaji yana zaune a gefen direban, ya leƙo ya ce, “Zauna abinka, Injiniya. Ka huta.” Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi.

Wani mutum aka kai wa ita, wanda bai daɗe da dawowa daga Kano ba da na'ura a cikin jaka mai zif. Kafin magariba motar ta tashi. Waɗanda suka je kallo suka dawo suna ba da labari a kan bencinmu, a gaban babana: na'urar tana da fuska mai haske, tana rubutu da Turanci, ita ta nuna masa wata waya da ruwa ya ci a wajen shaƙar iska. Baba Alhaji bai zagi babana a ko'ina ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Abin da ya riƙa cewa a kasuwa kawai shi ne, “Zamani ya wuce ƙirga da ido. Na'ura ba ta da aboki, ba ta kuskure.” Bakin da ya cika mana rumfa shi ya kwashe ta.

Ba rana ɗaya aka watse ba. Masu fitila suka fara ɗaukewa, sannan masu sababbin motoci, sannan har waɗanda ciwon motarsu na kunne ne, wanda babana zai gane kafin su kashe inji. Benci biyu ya koma ɗaya. Ya koma gyaran injin ban-ruwa da janareto, abin da hannu ke iya yi ba ido. Daga baya mai filin ya ce yana son wurinsa, kuma wanda ya karɓa ya gina shagon gilas shi ne mai na'urar. A duk tsawon wannan babana bai taɓa ce min komai a kan ranar ba. Ni ma ban tambaya ba. Na yi ta gaya wa kaina wataƙila ciwon daga baya ya zo, wataƙila lamba ɗaya ce dama. Na gama sakandare, na koyi ɗinki, na yi aure a unguwar da ke bayan tamu. An yi masa aikin ido sau ɗaya, bai yi ba. Yanzu yana zaure a kan tabarma, in mota ta wuce a lungu ya ce, “Wannan filoginta ɗaya ba ya ci,” ba mai jinsa sai ni in na zo.

Abin da ke ba ni haushi da mutanen yanzu ba na'urar ba ce. Na'ura aba ce mai kyau, sababbin motoci ba sa magana sai da ita, babana da kansa yana faɗar haka. Abin haushin shi ne yadda muke durƙusa wa duk abin da ke da haske. Mutum ya shekara talatin yana gaya maka gaskiya, ranar da ya yi kuskure ɗaya ka tafi wurin akwati. Akwatin ya sa ka sayi abu uku da ba su lalace ba, ka ce ai kwamfuta ce ta faɗa, ka biya kana godiya. Da, in bakanike ya ɓata maka aiki za ka zo ka zauna a bencinsa ku yi ta cacar baki har a raba ku, gobe ka dawo. Yanzu ba wanda ke faɗa da kowa. Wucewa kawai ake yi a kan tarakta.

Watan jiya ina gidanmu na kai wa Inna ɗinki, aka yi sallama a zaure. Mai na'urar ne. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida babana da ladabi, yana ce masa Oga. Na tsaya a bakin ƙofa ban gaishe shi ba. Ya ce an kawo masa wata tsohuwar mota daga Kafin Hausa, ta wani dattijo da ya ƙi rabuwa da ita, irin masu akwati a bonet. Ya sa waya, ta ba shi lamba, amma ya manta fassarar, yaran shagonsa kuma ba wanda ya taɓa ganin irinta. An ce masa Oga yana da littafi.

Na ce, “Na'urar fa? Ta mutu ne?”

Ya yi dariya. “Hajiya, ai na'ura ba ta shiga waɗannan. Ba su da ramin da za a soka ta.”

“Ta shiga ta Baba Alhaji ai. Duk garin nan an gani.”

“Wace, farar nan ta kifi?” Ya sake yin dariya, har da dafa gwiwa, irin ta mutumin da ya tuna ƙuruciya. “Wallahi ko kusa. A wurin kunna sigari na soka ta don ta kawo haske, mutane suna son su ga haske. Na ce kowa ya matsa baya kada ta ja shi. Waya na sa, irin ta Oga, na ƙirga. Talatin da ɗaya, har yau ban manta ba, don ita ta buɗe min kasuwa. Soket ɗin iska ne ruwa ya shiga ya yi tsatsa, in an taka rami ya saki. Na kankare na mayar. Ai na ɗauka Oga ya sani, mu 'yan sana'a.”

Ban san lokacin da na shigo tsakiyar zauren ba. Na faɗa masa maganganu, ba zan rubuta su a nan ba, Inna sai da ta leƙo. Ya daina dariyar, ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai ce wa kowa Oga bai iya aiki ba, abinci kawai ya nema. Babana ya bari na gama, abin da ni ba na iya yi wa kowa, sannan ya ce, “Ɗauko masa littafin. Yana cikin akwatin Innarki.”

“Baba, wannan mutumin?”

“Motar dattijon ce ba ta da lafiya. Ɗauko.”

Na ɗauko. Na ɗauka zai zauna ya kwafa, ko ya tambayi babana wani abu. Wayar salularsa ya fito da ita ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka shekara biyu muna rubutawa da yamma bai ɗauke shi minti biyu ba. Ya yi godiya, ya ajiye wani abu a gefen tabarma, ya sa takalmi ya fita. Na bi shi da abin da ya ajiye na mayar masa a lungu.

Da na dawo na zauna a ƙasa kusa da babana. Na ce, “Baba, lamba biyu ce ranar. Ni ce ban jira ba.”

“Na sani.”

“Yanzu ka sani.”

“Tun ranar. Ina ƙirga numfashina in kina ƙirga fitila. Ashirin da biyu sau biyu ba ta ƙarewa a numfashi huɗu.”

“To me ya sa ba ka kira ni ba? Ina bakin titi, ko tafiya ban yi ba.”

Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda yake ɗan ganin haske. “Alhaji yana jingine a kafaɗata. In na ce dawo ki sake, zai ce a sake me, ba makulli kawai take riƙewa ba? Na tsaya a cikin zanen na murɗa da kaina, ina ganin abu ja yana motsi, ban san ko nawa ba ne. Na ce a raina wataƙila ɗaya ce.” Ya juyo wajena. “Ke yarinya ce, kina sauri. Ni da na san doka na fito na yi magana.”

Na so ya zage ni. Shekara goma sha wani abu ina jiran ranar da zai zage ni in huta, ashe shi ma yana can yana riƙe da rabinsa.

Washegari na shirya na tafi gidan Baba Alhaji. Ban yi shawara da kowa ba. Na ce ko ba komai bakin da ya ce zamani ya wuce ƙirga da ido zai ji cewa da ido aka ƙirga masa, da waya irin ta babana, kuma kuskuren nawa ne. Na same shi a ƙofar gida a kan kujerar roba, ya tsufa, 'ya'yansa ne ke harkar kifin yanzu da motoci masu sanyi a ciki. Ya gane ni, ya yi murna, ya tambayi Injiniya, ya ce kullum yana cewa zai leƙo. Na durƙusa na faɗa masa komai tun daga zanen har wurin kunna sigari, ban rage ba. Yana ta gyaɗa kai. Da na gama ya ce, “Allah sarki, 'yata. Wai wace motar ke nan? Na yi farare har uku.”

Na ce, “Wadda kifi ya ruɓe a cikinta.”

“Kifi ai ya sha ruɓewa,” in ji shi. Ya sa aka kawo min banda a leda in kai wa babana.

Na biyo ta gaban shagon gilas, ranar ban tsallaka ba, ban ma lura ba sai da na wuce. Na tarar da babana a inda na bar shi. Ya ji ƙamshin bandar kafin in yi sallama.

“Wurin Alhaji kika je.”

“Can na je.”

“Kin faɗa masa?”

“Duka.”

“Me ya ce?”

Na yi niyyar in ce ya yi nadama, ya ce a ba ka haƙuri. Ban iya ba, ban taɓa iya yi masa ƙarya ba. Na ce, “Ya ce wace mota.”

Babana ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, inda asuwaki yake, ya taɓa abin da ke ciki ya bar shi. Na ajiye ledar, na zauna, ban tashi ba. Aka kira la'asar, aka idar, ina zaune ina kallon bakinsa ko akwai lamba ta biyu.